Golf a Haƙoran Kare: A Bar wa Tsibiri Duwatsunsa

Gabatarwa

Wasu daga cikin 'yan jaridarmu na Hausa, idan za su ba da labarin wasan golf, sukan kira shi ƙwallon lambu. Sunan ya zauna a baki, kuma duk wanda ya taɓa kallon wasan a talabijin zai gane dalilin raɗa shi. Fili ne kore shar, an aske ciyawa ta kwanta kamar darduma, ga bishiyoyi a jere, ga mutane suna tafiya sannu a hankali kamar masu shan iska. To amma mu ɗaliban harshe mun san cewa suna yakan haska wani ɓangare na abu, ya kuma rufe wani ɓangaren. Kalmar lambu tana sa mutum ya ɗauka wasan nan ba ya yiwuwa sai inda aka share ƙasa, aka kawar da duwatsu, aka yi ta ban ruwa safe da yamma.

Wannan fahimta ce nake so in ja da ita a wannan ɗan rubutu. A ra'ayina, filin golf da aka yi a kan tsibiri mai duwatsu a ƙasashe masu zafi, daɗinsa da darajarsa duk suna cikin tsananinsa ne. Duk ƙoƙarin da za a yi na mayar da shi lambu yana rage wa wasan armashi, kuma yana shanye ruwan da masu tsibirin suke bukata domin rayuwarsu. Zan kafa hujja da wani sanannen fili da ke Jamhuriyar Dominikan, sannan in leƙa tsibiran Hawayi domin mu ga abin da ke faruwa idan ruwa ya ƙare.

Yadda Wasan Yake da Inda Ya Samo Asali

Domin amfanin wanda bai san wasan ba, ga shi a taƙaice. Cikakken fili yana da ramuka 18. A kowane rami, mai wasa zai fara daga wurin bugun farko, ya yi ta bugun 'yar ƙaramar ƙwallo da sanda har ya jefa ta cikin ramin, wanda faɗin bakinsa bai wuce milimita 108 ba. Wanda ya gama zagayen da bugu mafi ƙaranci shi ya ci. Ba a yarda mutum ya riƙe sanduna fiye da 14 a jakarsa ba. Babbar ƙa'idar wasan kuwa ita ce, inda ƙwallo ta faɗa, daga nan za a buge ta, ko kan ciyawa ne, ko cikin yashi, ko gindin dutse. Idan ta faɗa ruwa, sai a ƙara wa mai ita bugu ɗaya na tara.

Wannan ƙa'ida kaɗai ta isa ta nuna mana cewa ba a lambu aka haifi wasan ba. A gaɓar tekun ƙasar Sikotland ya girma, a kan tuddan yashi da ke tsakanin teku da gonaki, ƙasar da ba ta nomuwa, sai dai kiwon tumaki da ramukan zomaye. Tun a shekarar 1457 Sarki James na biyu ya hana yin sa domin yana ɗauke wa samari hankali daga koyon harbi da kwari da baka. A 1744 aka rubuta dokokinsa na farko a yankin Edinbura, a 1764 kuma filin St Andrews ya tsayar da ramukansa a kan 18. Mutanen wancan zamani ba su da injin ban ruwa, ba su da motar tura ƙasa. Yadda suka tarar da wurin haka suka yi wasa a kansa, iska da yashi su ne abokan karawarsu. Ke nan, wanda ya je tsibiri ya yi wasa tsakanin duwatsu da igiyar ruwa ya fi kusa da asalin wasan a kan wanda ke bugu a filin da aka gyara kamar falon attajiri.

Filin Haƙoran Kare

Tsibirin Hisfaniyola yana cikin tekun Karibiyan, ƙasashe biyu ne kuma suka raba shi: Haiti a yamma, Jamhuriyar Dominikan a gabas. A gaɓar kudu maso gabas akwai garin La Romana, garin rake da sukari. A shekarar 1967 kamfanin Gulf and Western na Amurka ya mallaki babbar masana'antar sukari ta garin, wato Central Romana, tare da ɗimbin ƙasar da ke ƙarƙashinta. Wani yanki na ƙasar da ke bakin teku ya cika duwatsu, rake ba ya yi a wurin, shanu ma ba sa samun abin kirki. Nan aka kira wani Ba'amurke mai zana filayen golf, Pete Dye, aka ba shi wurin.

Abin da ya tarar shi ne dutsen murjani, wato ƙwarangwal ɗin halittun teku da ya taru shekaru aru-aru ya zama dutse, ruwan sama da na teku suka yi ta cin sa har ya yi tsini-tsini da kaifi. Manyan injuna ba su samu ba, saboda haka ma'aikata 'yan ƙasa kimanin 300 ne suka yi aikin da diga da guduma da adda. Ƙasar da aka shimfiɗa a kan dutsen da amalanken shanu aka riƙa jigilarta daga nesa, aka gauraya ta da dattin da ke fita bayan an tace ruwan rake domin ta yi taki. Ciyawar ma da hannu aka dasa ta, saiwa bayan saiwa. An buɗe filin a 1971, kuma a 1974 har ya karɓi baƙuncin gasar duniya ta ƙungiyoyin 'yan wasan da ba ƙwararru ba.

Labarin sunan filin zai ba ɗalibin harshe sha'awa. Da farko Cajuiles aka kira shi, saboda bishiyoyin kashu na yankin. Amma ma'aikatan suna kiran duwatsun nan masu kaifi da Sifaniyanci diente de perro, ma'ana haƙorin kare, domin haka suke yi wa ƙafa da hannu. Wannan siffantawa ce ta rinjayi sunan farko, har duniya ta san filin da Teeth of the Dog, wato Haƙoran Kare. Masu kuɗi sun zaɓi sunan bishiya mai daɗin ji, masu aiki sun kira wurin da abin da jikinsu ya gaya musu, kuma nasu sunan ne ya rayu.

Yadda Bugu Yake a Irin Wannan Wuri

Ramuka 7 daga cikin 18 suna kan gaɓar teku ne kai tsaye. Daga na 5 zuwa na 8 teku tana hannun hagu, daga na 15 zuwa na 17 kuma tana hannun dama. Mu ɗauki rami na 5 a matsayin misali. Tsawonsa bai kai mita 200 ba, ƙwararre yakan so ya gama shi da bugu 3. A takarda abu ne mai sauƙi. Amma dandalin ramin ƙarami ne, yana zaune a kan wani ɗan harshen ƙasa da ya shiga cikin ruwa, igiyar teku tana dukan duwatsun da ke gindinsa. Mai wasa zai tsaya ya dubi tutar, ya ji iska a kunnensa, ya yanke shawara: ko ya nufi ramin kai tsaye ya yi kasadar asarar ƙwallo da bugun tara, ko ya karkata gefen tudu ya yarda da ƙarin wahala a bugu na gaba. Babu alƙalin da zai taimake shi, babu abokin wasan da zai gyara masa.

Iska ita ce babbar ma'aikaciyar filin. Da safe takan yi laushi, da rana ta ɗaga sai ta ƙara ƙarfi, saboda haka sandar da ta yi daidai da ƙarfe 8 na safe ba lallai ta yi daidai da ƙarfe 2 na rana ba. Wanda ya saba cilla ƙwallo sama sosai zai ga iska ta ɗauke ta ta miƙa wa teku. Dole ya koyi bugun ƙasa-ƙasa, ya bar ƙwallon ta gangara da kanta. Idan kuwa ta faɗa kan murjani, ba wanda ya san inda za ta yi tsalle, wani lokaci ta dawo kan ciyawa, wani lokaci ta nufi ruwa, kuma ko an tsince ta za a tarar dutse ya karce mata jiki. Har zuwa shekarar 2000 da aka buɗe sabon filin jirgin sama na La Romana, titin saukar jirage ma ya ratsa ta cikin filin wasan, 'yan wasa sukan dakata jirgi ya wuce.

A ganina, nan ne daɗin yake. A filin da aka daidaita ko'ina, mai ƙarfin hannu da tsadaddun sanduna shi ke da rinjaye, kuma bugun jiya shi ne na yau. A filin dutse da iska kuwa, hankali da haƙuri da sanin iyakar kai su ke aiki. Dattijon da ya san inda ba a nufa yana iya kayar da saurayin da ke bugu kamar harbin bindiga. Masu iya magana sun ce ba a shan zuma sai an sha harbi. Mutumin da ya haye teku da bugu ɗaya ya ga ƙwallonsa ta tsaya kusa da tuta, zai daɗe yana ba da labarin, abin da ba zai yi ba da a ce babu abin da ya tsallake.

Batun Ruwa

Hujjata ta biyu ta fi ta farko nauyi, domin ta wuce maganar nishaɗi. Tsibiri ruwan gishiri ne ya kewaye shi, amma ruwan daɗi ƙayyadadde ne, daga sama yake zuwa ko daga ƙarƙashin ƙasa. Idan aka matsa wa rijiyoyin bakin teku da zuƙa, ruwan gishiri yakan kutso ya lalata su. Ciyawar golf kuwa a ƙasa mai zafi ba ta zama kore sai da ban ruwa a kai a kai. Saboda haka kowace eka da aka ƙara ta ciyawa domin kawai ido ya ji daɗi, daga rabon wani aka ɗebo ruwanta.

Domin ganin wannan a fili, mu bar Karibiyan mu nufi tekun Fasifik, tsibirin Maui na jihar Hawayi a Amurka. A can akwai filin Plantation na Kapalua, wanda Bill Coore da Ben Crenshaw suka zana a kan gangaren tsaunuka, inda a da gonar abarba ce, aka buɗe shi a 1991. Fili ne mai faɗin gaske, kuma daga 1999 zuwa 2025 a nan ƙwararrun PGA Tour suka riƙa yin gasarsu ta farko a kowace shekara. Ruwan da ake ba shi yana zuwa ne ta wata tsohuwar magudana da aka gina tun zamanin manyan gonaki, fiye da shekara 100 da suka wuce, kuma gidaje da manoma ma da ita suka dogara. A 2025 fari ya tsananta a yankin, aka taƙaita ban ruwa, ciyawa ta bushe, aka rufe filin a watan Satumba na tsawon kusan wata 2. Masu filin da kamfanin da ke kula da magudanar suka shiga kotu, kowa yana ɗora wa ɗan uwansa laifi, gasar watan Janairun 2026 kuma aka soke ta.

Ban ce golf ne ya kawo farin ba. Amma a tuna cewa wannan yanki ne da gobara ta cinye garin Lahaina a watan Agustan 2023, kimanin mutum 100 suka rasa rayukansu, kuma yanki ne da manoman gwaza 'yan asalin tsibirin suka daɗe suna neman a bar musu ruwa a rafukansu. A irin wannan wuri, tambayar wa zai sha ruwa tsakanin ciyawar wasa da gonar abinci ba ta bukatar dogon nazari.

Shin rage ciyawa yana ɓata wasa? Amsar ta fito daga hannun waɗannan masu zane biyu da kansu. Tsakanin 2010 da 2011 sun sake fasalin filin Pinehurst mai lamba 2 a jihar Karolina ta Arewa, suka cire ciyawa kimanin eka 35, suka bar yashi da tsirran da ke fitowa da kansu a yankin. Ruwan da filin ke sha ya ragu da fiye da rabi, kuma a 2014 ya karɓi gasar US Open ta maza da ta mata a jere. Idan filin da ke tsakiyar babbar ƙasa ya iya haka, na tsibiri ya fi cancanta. Akwai kuma nau'in ciyawar da ake kira paspalum, mai jure gishiri, wadda filaye da dama na Karibiyan suka koma gare ta. Mu ma nan Nijeriya dabarar ba baƙuwa ba ce: shekaru masu yawa 'yan golf a Kano da wasu garuruwan Arewa suna ƙarasa bugunsu a kan dandalin yashi da aka cakuɗa da mai, domin yanayin wurin bai ba da damar ciyawa ba, kuma wasa bai fasa ba.

Abin da Masu Ja Za Su Ce

Na san akwai masu cewa baƙon da ya biya ɗaruruwan daloli kore yake so ya gani, idan bai gani ba zai tafi wani tsibirin, aikin yi kuma ya tafi tare da shi. Wannan magana tana da ƙarfi, domin Jamhuriyar Dominikan ta karɓi baƙi fiye da miliyan 10 a 2023, kuma gidaje da yawa daga nan suke ci. Sai dai a duba abin da ya sa sunan Haƙoran Kare ya zagaya duniya. Ciyawa kore akwai ta a dubban filaye daga Fulorida zuwa Dubai. Abin da ba a samu ko'ina shi ne ramukan nan 7 na bakin dutse. Wanda ya share dutsen domin ya faranta wa baƙo, ya share dalilin zuwan baƙon ne.

Wasu kuma za su ce irin wannan fili yana karya wa sabon shiga gwiwa. Maganin wannan sananne ne: a kowane rami akan yi wuraren bugun farko da dama, na nesa domin gwanaye, na kusa domin masu koyo. Da haka kowa zai sami daidai ƙarfinsa ba tare da an taɓa dutse ko ɗaya ba.

Suka ta uku ita ce ta fi damuna, wato ƙwallayen da ke faɗawa teku. Da roba ake yin su, kuma sukan daɗe suna marmashewa cikin ruwa. A gaɓar Kaliforniya, kusa da filin Pebble Beach, wata ɗaliba da masu taimaka mata sun tsamo ƙwallaye sama da 50,000 tsakanin 2016 da 2018. Duk filin da ke cin riba daga bugun tsallake teku, wajibinsa ne ya ɗauki masu ninƙaya su riƙa kwashe abin da baƙinsa suka zubar. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Haƙƙin Masu Tsibiri

An san Pete Dye, wanda ya rasu a 2020, da faɗin cewa ramuka 11 kaɗai ya yi a filin, sauran 7 ɗin Allah ne ya yi su. Magana ce mai nuna tawali'u, amma lissafin ya tsallake mutum 300 da suka fasa dutsen da hannunsu. Girmama ƙasar tsibiri ba ya cika sai an girmama mutanenta. Har yau baƙon da ya zo bakin rami na 5 ba ya sanin sandar da zai zaro sai ɗan rakiyarsa mai ɗaukar jaka ya dubi ruwa, ya ji iska, ya gaya masa. Da ɗan gari akan ci gari. Irin wannan sani ilimi ne, kuma ya kamata a biya shi a matsayin ilimi, a kuma buɗe wa 'ya'yan yankin ƙofar koyon wasan a filin da kakanninsu suka gina.

Haka kuma bai kamata mai bugu ya manta da abin da ke bayan shinge ba. Wurin shaƙatawar Casa de Campo, inda filin yake, yana ƙarƙashin kamfanin sukarin nan ne, wanda iyalan Fanjul da abokan hulɗarsu suka saya a 1984. Masu saran raken yankin yawancinsu 'yan Haiti ne ko zuriyarsu, suna zaune a ƙauyukan gona da ake kira batey. A watan Nuwamban 2022 hukumar kwastan ta Amurka ta hana shigar da sukarin kamfanin bisa zargin aikin tilas. Kamfanin ya musanta, kuma an ɗage hanin a watan Maris na 2025. Ko ma ina gaskiyar ta tsaya, tazarar da ke tsakanin kuɗin zagaye ɗaya na wasa da ladan yinin mai saran rake ta isa ta tuna mana da karin maganar nan, kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Kammalawa

Abin da nake kira gare shi bai da yawa. Duk inda za a yi filin golf a tsibiri, a bar dutse inda yake, a taƙaita ciyawa ga inda wasa ke bukatarta, a fara ba gidaje da gonaki ruwa kafin a ba fili, a kuma sa 'yan tsibirin cikin riba kamar yadda aka sa su cikin wahala. Mai wasa zai sami abin da ya zo nema, wato gwada kansa da iska da teku, mai gari kuma ba zai wayi gari rijiyarsa ta yi gishiri ba. Amma game da suna, ina ganin 'yan uwana ɗalibai za su iya sake duba ƙwallon lambu su gani ko ta ɗauke ma'anar wasan gaba ɗaya. Ma'aikatan La Romana sun nuna mana hanya: sun taɓa abin da hannunsu tukuna, sannan suka raɗa masa suna.